Wa ya kamata ya hau motar Yamai?

Duk shekara idan lokacin sutnans, wato kare kundin kammala karatu, da yaye ɗalibai ya kama, rigima ɗaya ce a gidajen Damagaram: wa zai je, wa zai zauna. Bana ta faɗo gidanmu. Ƙanwata za ta kare kundinta na likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, kuma tun ranar da labarin ya faɗa zauren WhatsApp na dangi kowa ya zama matafiyi. Wanda bai taɓa tambayar ajin da take ba, shi ne ya fara turo hoton atamfar anko. Wata ma ta kawo shawarar a buga riguna da fuskar yarinyar a gaba.

Ra'ayina ba mai daɗin ji ba ne ga wasu, amma ga shi: a rage ayari, a bar anko, a ɗauki uwa.

Mu fara da hanyar. Daga nan zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne. Ka fito tasha kafin kiran assalatu, ka bi Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka shiga Yamai da dare ƙafafu a kumbure. Kuɗin kujera zuwa da dawowa, abincin hanya, kuɗin taksi a can, tsarabar kilishi da alkaki da ba a shiga gidan mutane ba tare da ita ba, ka ninka wannan sau goma sha biyar, ka ga abin da ya tashi. Sannan ina za a kwana? A gidan ɗan uwa ma'aikacin gwamnati mai ciki da falo, wanda kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba, matarsa kuwa ta kwana uku a bakin murhu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, yawanci ɗalibar ce ake ɗora wa neman masauki. Yarinya tana fama da gyaran da malaminta ya ba ta, tana zirga-zirgar buga kwafi da ɗaure shi, ga fargabar juri, wato malaman da za su yanke wa aikinta hukunci, waya kuma tana ta ƙara: "Mun iso tasha, wa zai zo ɗaukarmu?"

Da yawa daga masu ɗokin tafiyar ba su san yadda zaman yake ba, sun ɗauka biki ne irin na makaɗa. Ɗaki ne madaidaici. Malamai na zaune a gaba cikin rigunansu, ɗaliba ta tashi ta yi bayanin aikinta cikin ɗan lokaci, daga nan a shiga yi mata tambayoyi, wani lokaci a tsefe kundin shafi-shafi har ka ji tausayinta. Sai juri ya keɓe ya yi shawara, a dawo kowa ya miƙe tsaye, shugaban juri ya faɗi sakamako da mansiyon, wato matakin yabon da aikin ya samu. Ga masu likitanci, sai rantsuwa. Wurin yana son shiru. Na halarci wani zama inda guɗa ta tashi tun ba a gama magana ba, jariri na kuka, wayoyi sun yi sama sun tare fuskar malamai, har shugaban juri ya dakata ya ɗaure fuska. Ɗalibin da ake wa murnar shi ne ya fi kowa jin kunya.

To a wannan ɗan ɗakin, wa ya cancanci kujera?

A gidanmu da aka fara lissafin masu tafiya, sunan Inna bai fito ba. Hujjar da aka kawo ita ce gwiwarta, da nisan hanya, da kuma cewa ba ta jin Faransanci, me za ta fahimta. Wannan hujja ta ƙarshe ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Matar nan ba ta taɓa zama a aji ba, gaskiya ne. Amma shekarun nan da suka haura bakwai, da yajin aikin malamai da na ɗalibai a ciki, duk lokacin da burs, tallafin karatu na gwamnati, ta yi jinkiri, kuɗin adashinta ne ke tafiya Yamai. Akwai wata tsohuwar jakar fata da take ajewa a ƙarƙashin katifa, bakinta duk ya sha hannu ya yi baƙi. Daga ciki take zaro jika biyu, jika uku, a nannaɗe, ta ce in kai wurin masu aika kuɗi kada a rufe. Tunkiyar da ta yi niyyar layya da ita wata shekara, kasuwar Dole ta tafi saboda kuɗin littafi. Ba ta san mene ne mansiyon ba, amma ta san kwanan watan da garin tuwon 'yarta ke ƙarewa a ɗakin kwanan ɗalibai. Idan aka kira sunan mijinta marigayi a bayan sunan yarinyar, aka ce dokta, ba ta buƙatar tafinta.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Ku duba hotunan da ake sakawa a Facebook bayan kowane yaye: babbar riga a tsakiya, abokai a gefe, furannin roba a hannu. Uwar fa? Tana gida, an ce za a nuna mata bidiyo.

Na san abin da za a ce mini, don Kawu ya riga ya faɗa. Da na je gaishe shi bayan la'asar na kawo maganar rage mutane, sai ya ce, "Kai yaro, zumunci a ƙafa yake. So kake a ce 'yarmu ba ta da dangi?" Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, ba haka nake nufi ba." Kuma maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Mutanenmu sun daɗe suna jin cewa ilimi mai zurfi abu ne da ake yi a can nesa. Garin nan shi ne hedikwatar ƙasar har 1926 da Turawa suka mayar da ita Yamai, kuma tun da aka kafa jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, ɗan Damagaram da ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, sai ya ɗauki akwati ya yi yamma, ko ya tsallaka Kano da Zariya. Sai a 2010 aka buɗe jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa. Tamu ita ce yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan. Dattijon da ya ga zamanin da ake ƙirga masu digiri na unguwa da yatsun hannu, in ya ce sai ya je ya gani da idonsa, ba son yawo ba ne. Don haka Kawu yana cikin tafiyar, shi ne uba a wurin. Amma shi da Inna da ni mai ɗaukar kaya, da 'yar uwa guda da za ta kula da tsohuwa, sun isa a ce yarinya tana da dangi.

Sauran murnar a kawo ta gida. Mu da muka iya walimar saukar Alƙur'ani tun kaka da kakanni, ba sai an koya mana yadda ake karrama mai ilimi ba. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a dafa shinkafa, malamai su yi addu'a, a yi sadaka. Tsofaffin unguwa da ba za su iya zaman mota ba su zo da ƙafarsu. A aika wa malaminta na firamare, wanda ba wanda ke tunawa da shi a irin wannan rana. Da abin da mutum huɗu za su kashe a hanya, ana iya ciyar da layinmu gaba ɗaya.

Akwai kuma ranar Litinin, wadda masu anko ba sa sakawa a lissafi. Bayan an naɗe rigar an mayar, ɗaliba za ta koma gyaran da juri ya ce a yi, ta sake bugawa, ta bi sawun takardar shaida daga ofis zuwa ofis. Bayan nan sai hidimar ƙasa, ko kwantiragi, ko jiran gasar ɗaukar ma'aikata da ba wanda ya san ranar buɗe ta. Duk wanda ke zama a majalisar shayi a Birni ko Zango ko Sabon Gari ya san samari masu digirin lisans da masta da ke kabu-kabu kafin Allah ya kawo. Ba abin kunya ba ne, neman halali ne, amma yana nuna cewa ranar yaye ba ita ce ranar da wahala ke ƙarewa ba. Kuɗin atamfar mutum ashirin da ɗinkinta, in aka haɗa aka damƙa mata a ambulan, zai riƙe ta watanni, ko ya sayi kwamfutar da ta yi shekaru tana aron ta ƙawaye. Na faɗi haka a zauren dangi. Mutum biyu sun turo nasu, wasu sun yi shiru, Gwaggo kuma ta ce ita kam ta riga ta kai wa tela.

Abin da muka tsayar zuwa yanzu: za mu tashi Alhamis da asuba don Inna ta samu Juma'a ta huta kafin Asabar, ranar zaman. Zan je tasha tun da wuri in kama mata kujerar gaba, inda za ta iya miƙe ƙafa, kuma kusa da ƙofa saboda alwala a hanya. Masauki mun samu a Harobanda, hayin kogin da jami'ar take, don kada cunkoson Gadar Kennedy ya makarar da mu da safe. Na kuma gaya wa ƙanwata ta kashe wayarta tun daren Laraba, duk mai tambayar hanya ya kira ni.

Da na gaya wa Inna an saka sunanta, abin da ta fara tambaya shi ne ko a can ana barin mutum ya shiga da carbi. Na ce ana bari. Ta ce to a ɗauko mata farin lufayarta daga akwati a kai wanki.