Riƙon matashi ma sana'a ce, sai an zauna an koya

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, dattawan unguwarmu a nan Gadarif, a gabashin Sudan, suka zauna a kan maganar samarin da yaƙi ya koro mana daga Hartum da Madani da Sinja, waɗanda yanzu suke wuni a bakin tasha da gefen kasuwa ba karatu ba sana'a. An yi magana mai kyau, an zubar da hawaye, daga ƙarshe aka ce a kafa kwamiti, a ɗora alhakinsa a kan wani bawan Allah saboda kowa ya shaida yana da haƙuri da son yara. Ni kaɗai na ce ban gamsu ba, kuma na ga fuskokin wasu iyayenmu sun canja. Tunda zaure bai ba ni damar yin bayani yadda nake so ba, na ga ya dace in rubuta shi a nan, domin waɗanda suka halarta da waɗanda ba su halarta ba su auna maganar da kansu.

Abin da nake cewa shi ne, kula da matashin da rayuwarsa take gab da lalacewa sana'a ce kamar ɗinki da kanikanci da aikin jinya. Tana da ƙa'idoji, tana da kayan aiki, tana da kurakuran da suke kashe aiki gaba ɗaya, kuma ana koyon ta ne a hannun wanda ya iya. Babu wanda zai miƙa injin raksha, wato babur mai ƙafa uku, da yake ci da iyalinsa da ita ga mutumin da bai taɓa zama a warsha, wato garejin gyara, ba, don kawai mutumin yana da kirki. Amma muna ɗaukar yaron da ya ga an kashe mahaifinsa a gabansa, ko wanda ya shekara biyu yana shaƙar silisyon, wato gam ɗin facin taya, mu danƙa shi ga duk wanda ya nuna tausayi, sa'an nan mu yi mamaki idan abin ya watse.

Ban faɗi wannan don raina kowa ba, domin ni ne farkon wanda ya yi irin wannan ɓarna. Shekaru kaɗan kafin yaƙi, ina koyarwa a Madani, na saba da wani yaro ɗan shekara kamar sha biyar daga cikin waɗanda mutanen gari suke kira shammasa, yaran da suke kwana a kasuwa suna wuni a rana. Da na ji yana Hausa sai zuciyata ta karye, na riƙa saya masa wake da burodi, muna hira. Bayan kusan wata biyu ya amince da ni har ya gaya mini abin da ya raba shi da gida: ya ɗauki kuɗin mahaifinsa, kuma akwai wani abu da wani babba ya yi masa wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kuwa, da niyyar alheri, na nemo gidansu a wani kambo na ma'aikatan gona, na kama hannunsa na kai shi, na zauna a gaban mahaifinsa da maza huɗu na zayyana duk abin da ya gaya mini, ina ganin gaskiya ce za ta kawo sulhu. Yaron ya ɗago kai ya dube ni ya ce, “Malam, ai ka ce tsakaninmu ne.” A daren aka ɗaure shi aka yi masa duka, kafin mako ya zagayo ya sake gudu, kuma labarin ƙarshe da na samu shi ne an gan shi a cikin motar masu zuwa haƙar zinariya a arewa.

Daga baya na ba wata baiwar Allah labarin, wadda ta yi karatun aikin kula da jama'a kuma ta daɗe tana yin sa. Ba ta zarge ni ba, tambaya ɗaya ta yi mini: “Malam, kafin ka mayar da shi, ka tambaye shi abin da yake tsoro a gidan?” Ban tambaya ba. Ta bayyana mini cewa mayar da yaro gida mataki ne na ƙarshe, ana isa gare shi bayan an ziyarci gidan sau da yawa ba tare da yaron ba, an gane wanda yake cutar da shi da wanda zai iya tsaya masa, an shirya da yaron kansa abin da za a faɗa da abin da za a bari, an kuma ajiye ranar da za a dawo a duba. Duk wannan darasi ne da ake koya wa ɗalibi a watanninsa na farko. Ni na koye shi ne da rayuwar ɗan mutane.

Na san amsar da iyayenmu suke bayarwa, kuma amsa ce mai nauyi. Suna cewa mu ba baƙin riƙo ba ne. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, da waɗanda suka tsaya a hanyar Makka suka zama hannun da ya noma audugar Jazira tun daga 1925, duk sun riƙe marayu da 'ya'yan matafiya ba tare da takardar shaida ba. Gaskiya ne. Sai dai ina roƙon a lura da abu biyu. Malamin halwa, wato makarantar allo, da ubangidan sana'a da suka yi wannan riƙo ba da ka suka yi shi ba, sun shekara goma ko fiye a gaban nasu malaman suna kallon yadda ake tafiyar da yaro mai taurin kai da yaro mai kewar gida, wato su ma horo suka samu, sunansa ne kawai ya bambanta. Na biyu kuma, abin da yake cin yaranmu yau ba su san shi ba. Ba su san ƙwayar taramol ba, ba su san abin mayen nan ayis da ya shigo biranen ƙasar nan kafin yaƙi ba, ba su san dillalin da yake yi wa yaro alƙawarin Libiya ta waya ba, kuma ba su san zamanin da ɗan shekara sha shida zai iya samun bindiga da albashi cikin yini ɗaya ba.

Girman abin ma ya wuce a bar shi ga masu sa kai kawai. A watan Oktoba na 2023, wata shida bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu, UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Namu kuwa wasunsu gudunsu na biyu ke nan, domin rikicin Damazin da Rusairis na watan Yulin 2022 ya riga ya tarwatsa gidajen Hausawa da yawa kafin a kai ga wannan. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara sha uku yau saurayi ne, ya fi ƙarfin a mayar da shi benci ɗaya da ƙannensa, bai kuma kai a ba shi jari ba. Wannan tsakiyar ita ce wurin da muke rasa su.

To me za a koya wa wanda zai yi wannan aiki? Abu na farko, kuma mafi wuya a gare mu, shi ne saurare. Mu mutane ne masu nasiha, da zarar yaro ya buɗe baki mun jawo masa aya da karin magana, alhali shi bai gama faɗin abin da ya kawo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan jagora a 2011 kan taimakon gaggawa ga wanda ya shiga firgici, ana samun sa da Larabci, kuma ginshiƙinsa kalmomi uku ne: duba, saurara, haɗa shi da inda zai sami taimako. Babu wa'azi a ciki, babu tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da ya gani. Sai riƙon sirri da sanin iyakarsa, wato ma'aikaci ya gaya wa yaro tun farko cewa zai rufe maganarsa, amma idan ransa ko na wani yana cikin haɗari dole ya nemi taimako, kuma da saninsa zai nema. Sai rubutu: kowane yaro da takardarsa, a rubuta ranar da aka gan shi da abin da aka shirya da wanda aka tura shi wurinsa, a kulle ta inda idon unguwa ba zai kai ba. Sai gane alamun da suka fi ƙarfin ma'aikaci, kamar yaron da ya daina barci, ko yake maganar kashe kansa, ko jikinsa yake karkarwa idan bai sami ƙwaya ba, domin wannan aikin likita ne, kuma jinkiri a kansa laifi ne.

Akwai kuma doka, wadda yawancinmu ba mu san tana gefenmu ba. Dokar Yara ta 2010 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma wanda bai kai 12 ba ba a ɗora masa alhakin laifi. Tun 2007 aka fara buɗe sassan 'yan sanda na kare iyali da yara. Ko yaƙi ya raunana waɗannan wurare, ma'aikacin da ya san da su zai iya tsayawa a gaban jami'i cikin ladabi ya nemi kada a kulle ɗan shekara sha huɗu ɗaki ɗaya da manya, wanda bai sani ba kuwa sai dai ya tsaya a bakin ƙofa yana ba da haƙuri. Kuma horon kirki yana kare yara daga ma'aikacin kansa. Ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki rufe, ba ya kai shi gidansa ya kwana, ba ya ba shi kuɗi a ɓoye, tana yi wa wasu zafi domin suna jin kamar ana zarginsu, amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san cewa mai mugun nufi ta ƙofar tausayi yake shigowa.

Dalilin da ya sa nake nacewa a horar da 'ya'yanmu, ba a jira wasu su zo su yi mana ba, shi ne harshe. Yaranmu suna jin Larabci sarai, wasu ma sun fi iya shi, amma na lura abin kunya da abin tsoro da Hausa suke fitowa. Haka nan uwar da ke zaune cikin gida ba za ta buɗe cikinta ga baƙon namiji mai riƙe da takarda ba. Wannan ya kawo ni ga 'yan mata, waɗanda a zaman Juma'a ko sau ɗaya ba a ambace su ba, saboda su ba sa zama a bakin tasha inda za a gan su. Suna aikatau a gidajen mutane, suna taya masu sayar da shayi wanke kofuna har dare, wasu ana aurar da su da wuri don a rage bakin ci. Mace ce kaɗai za ta kai gare su. Ƙasar da Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a tun 1907, har zuriyarsa suka gina Ahfad a Umdurman wadda ta yaye ɗimbin mata masana halayyar ɗan Adam, ba ta rasa matan da za su koyar ba, kuma da yawansu gudun hijira ya kawo su nan gabas, muna haɗuwa da su a layin burodi. Mu ne ba mu tura 'ya'yanmu mata su koya ba.

Ba kuma ina nufin bitar kwana uku da ƙungiyoyi suke shiryawa a ɗakin taro ba, wadda ake fita da takardar shaida da kuɗin mota. Na halarci irin ta, ba na cewa banza ce, amma ba ta mayar da mutum ma'aikaci. A ganina abin da zai yi aiki shi ne tsarin warsha: wata shida na darasi, sa'an nan shekara guda a ƙarƙashin gogaggen ma'aikaci, ɗalibi yana riƙe da yara kaɗan, kowane mako yana zama da ustansa, wato ubangidansa a aikin, su bi takardun ɗaya bayan ɗaya, a gyara masa inda ya kauce, a kuma tambaye shi halin da shi kansa yake ciki, domin mai sauraron irin waɗannan labarai kullum shi ma yana buƙatar inda zai sauke. Waɗanda za a ɗauka kuwa muna da su. Samari da 'yan matan da suka riƙe takiyya suna dafa wa unguwa abinci a lokacin da kowa ya gudu sun riga sun nuna juriya da amana, abin da ya rage a ba su shi ne ilimin aikin.

Sai maganar da ba a son yi, wato albashi. Idan muka ce aikin lada ne kawai, za mu horar da yaro shekara ɗaya da rabi, ranar da aka fara yankan riɗi ya tafi gona domin shi ma yana da uwa da ƙanne, kuma babu mai ganin laifinsa. Matashin da ya saba da shi kuwa zai ƙara koyon cewa manya tafiya suke yi, wanda shi ne ainihin ciwon da muke ƙoƙarin warkarwa. Gadarif gari ne da riɗi da dawa suke shigo da kuɗi kowace kaka, kuma akwai 'yan kasuwarmu a cikin masu saye da sayarwa. Albashin mutum uku na shekara bai kai abin da muke kashewa a bikin aure biyu ba. Ana iya tunkarar Diwanin Zakka, ana iya tunkarar ƙungiyoyi, amma na fi son kason farko ya fito daga aljihunmu kamar yadda muke yin gayya, domin wanda ya biya shi yake da bakin tambayar yadda aiki yake tafiya.

Bawan Allahn da aka zaɓa ranar Juma'a na same shi a gida bayan la'asar, na ce masa, “Baba, ba kai na ƙi ba.” Ya yi dariya ya ce ya sani, kuma shi ma tun da aka ambaci sunansa yake tunanin ta ina zai fara. Mun shirya cewa shi zai riƙe kwamiti da neman kuɗi da shiga tsakani da iyaye, abin da babu wanda ya fi shi iyawa, ni kuma zan nemo baiwar Allahn nan da ta yi mini tambayar da na kasa amsawa, in ji ko za ta karɓi ɗalibai uku, maza biyu da mace ɗaya. Duk wanda yake da ɗa ko 'ya da ya gama sakandare kuma yake ganin zai iya wannan aiki, ya kawo sunan zaure ranar Juma'a mai zuwa bayan salla, kuma ya zo da yaron domin mu ji daga bakinsa.