Jarin Ƙarƙashin Gado

Ɗan yayata ne ya ja mini, ko da yake in ka tambaye shi zai ce labari kawai ya ba ni. Muna zaune bayan isha'i a ɗan gidanmu na Karantina a Jidda, yana latse-latsen waya, sai ya ɗago ya ce, "Kawu, ka san an sayar da jan ruwan inabi kwalba ɗaya tak dala 558,000?"

Na ce, "Kwalba ko tankar mai?"

Kwalba ce. A New York aka yi gwanjonta a 2018, ita kuwa inabin 1945 ne a cikinta. Daga wata 'yar gona ta fito a yankin Burgundi na Faransa, sunanta Romanée-Conti, ko hekta biyu ba ta cika ba. Kwalba 600 kacal aka samu a shekarar, daga nan aka tumɓuke tsofaffin itatuwan aka dasa sababbi. Na buga lissafi a kan riyal 3.75 kowace dala, sai ga riyal miliyan biyu da ɗoriya. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, ko a mafarki ban taɓa ƙirga rabin wannan ba.

Na san giya ce, kuma ni da giya a'uzu billahi. Amma a nawa ilimin, Turawa wani abu suke barbaɗawa a ciki kafin ta zama giya. To ni ba zan barbaɗa komai ba. Inabi zalla, na halal, in bar shi ya tsufa, nan da shekara ashirin 'ya'yana su gina bene a Kano.

Yaron ya ci gaba da karanto mini sharuɗɗa. Wai tsohon itace 'ya'ya kaɗan yake yi, amma ɗanɗanonsu a tattare yake, saiwarsa ta nutsa ƙasa. Wai baurin da ke cikin ɓawo da ƙwallon, irin baurin goro, shi da tsami su ke riƙe abin ya shekara, a hankali baurin yake laushi. Wai a kwantar da kwalba don kada toshiyar ta bushe, a wuri mai duhu, da sanyi wajen digiri 13. Na ce na ji. Rabi na ji.

Da na kai iyalin kafil Ɗa'if shan iska, na tsaya wurin wani dattijo mai lambu na ce inabin itacen da ya fi tsufa nake so. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna wani kwali da ke kusa da ƙafarsa, ya ce wannan kakansa ya dasa. Ina zargin da na ce sabon dashe nake nema, kwalin nan dai zai nuna. Na ɗauki biyu.

Ranar da uwargida ta tafi suna, na markaɗe su da injin markaɗenta, har ɓawo har ƙwallo saboda bauri. Na ɗura a robobin lemo guda shida, na murɗe murafen da dukkan ƙarfina, na jera su kwance a ƙarƙashin gado. Duhu akwai. Kwanciya akwai. Sanyi ne dai: Jidda, watan Agusta, ga esin ɗakinmu da ya fi ƙwarewa a ƙara.

A dare na tara, wajen ƙarfe uku, sai muka ji "fam!" Uwargida ta diro daga gado tana salati, tana cewa tukunyar gas ce. Kafin in lalubo makunnin fitila ta biyu ta tashi. Murfinta ya daki katakon gado daidai saitin bayana, na ji shi har ƙashi. Haske na zuwa muka ga jan ruwa yana malalowa yana kumfa, ya jiƙe dardumar salla, ya yi wa farar jallabiyata ta Juma'a zane kamar an yanka rago a kanta. Sai warin. Wari ne da ba ya buƙatar gabatarwa.

Ta toshe hanci ta ce, "Maigida, me nake ji haka?"

Na ce, "Jari ne."

"Jari? A Saudiyya? Igamarka ta izinin zama ce ta ishe ka?"

Sai a lokacin na tuna da askarawa, na tuna da jirgin tarhil mai mayar da waɗanda aka kora gida. Ga maƙwabcinmu Malam yana buga ƙofa, ƙarar ta tashe shi. Ya shigo, ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya. Na rantse masa ban zuba komai ba. Ya ce, "Alhaji, ai ba sai ka zuba ba. Yis ɗin a jikin ɓawon yake. Shi ke cin sukarin ya mai da shi barasa, yana fitar da iska, kai kuma ka murɗe mata hanya."

Sauran huɗun sun yi taurin dutse. Haka na riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya da zanin uwargida, a hankali kamar mai ɗauke da jinjiri, ina sassauta murfi a banɗaki suna huci. Har asuba muna wankin ɗaki da turaren wuta a kunne, Malam na tsaye bakin ƙofa yana gadi ba tare da an roƙe shi ba.

Bayan kamar wata biyu uwargida ta gano kofin da na ɗiba don ɗanɗani na manta a saman firji. Ya zama khal, ruwan tsamin nan da ake kira binega. Malam ya ce wanda ya juya da kansa halal ne, ta kuwa goge tayil ɗin kicin da shi. Ɗan yayata ya leƙo jiya ya ce, "Kawu, ka ji kuɗin da ake sayen tsohon itacen oud na turare?" Uwargida ce ta raka shi ƙofa da muciya.