"Ta taɓa layi, makinka ne"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya bayan Azahar aka yi wa wani yayanmu sallah a Masallacin Ƙasa da ke Abuja, muka raka shi maƙabartar Gudu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Sana'arsa ba mutane shawara kan kuɗinsu, amma ni a filin tanis na babban filin wasa na Moshood Abiola na fara saninsa. Duk Asabar da sassafe yana can, ga furfura ga zafin hannu, yana ba samari kashi. Kofunan da ya ci sun cika kanta guda a falonsa.

Wasan masu sha'awa galibi babu alƙali. Kai ne za ka faɗi ko ƙwallon abokin karawarka ta faɗa ciki ko waje. Na taɓa ganinsa a maki na ƙarshe, duk mun ɗauka ta fita, har mun fara tafi. Sai ya durƙusa ya duba, ya ɗaga hannu ya ce, "Ta taɓa layi, makinka ne." Ranar shi aka cinye.

A 2016 na je masa da zumuɗin wani tsari mai ninka kuɗi. Ya ce, "Ƙanena, wace haja suke sayarwa?" Na yi shiru. Ban ji maganarsa ba, na kuwa ji a jikina. Da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, shi ya zaunar da ni ya warware mini bambancinsa da bashin ruwa, bai ko tuna mini da wautata ba.

'Yan uwa, Tirmizi ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a tambayi bawa dukiyarsa: ina ya samo ta, ina ya kashe ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Mu nawa ne ke riƙe da kuɗin adashi ko na marayu, babu takarda, babu shaida? In aka wayi gari babu mu, wa zai sani?

Wajen zaman makoki babban ɗansa ya nuna mana wani littafi mai baƙin bango. Duk wanda ke binsa bashi na ciki, da kwanan wata, har da mai gyara masa zaren raket, naira dubu 4.