Shari'ar kare a teburin Mai Shayi

Da sassafe ne a bakin titi wajen Kurna, Bakano da Bazazzagi da Ustaz sun jeru a benci kowa da kofinsa. Can sai ga Baba Maigadi ya taso daga aikin dare, karensa na biye da shi, kunne ɗaya a gutsure, ƙafar baya yana ɗingisa ta, gadon bayansa kuma wani faffaɗan tabo ne ko gashi ɗaya babu.

MAI SHAYI: Kai jama'a ku taya ni gani, mutum da furfurarsa da casbi a hannu amma imani ko na kwabo babu, ku dubi bayan dabbar nan fa. Kullum in ya wuto sai naji zuciyata na tafasa wallahi.

BAKANO: Ai ni tun daga nesa na gama lissafinsa. Irin waɗannan ake tarawa a kai kasuwar Dawaki ta Filato ranar Alhamis, daga can a loda su a mota sai Kalaba, can ma ba kare suke ce masa ba, 404 suke cewa. Amma wannan asara zai yi, duk ƙashi ne, kuɗin motarsa ma ba zai fitar ba.

BAZAZZAGI: Kai dai Bakano ko gawa ka gani sai ka tambayi nawa aka sayi likkafani. Wannan ba maganan ciniki bane, zalunci ne, kuma akwai doka a kai. Bari in kunna wayana, yau sai duniya ya gani a Facebook.

BABA MAIGADI: Salamu alaikum, an tashi lafiya? Mai Shayi haɗa min mai kauri, biredin kuma a raba biyu kamar kullum.

USTAZ: (ya tattare jallabiya har gwiwa) Subhanallah, Baba a matsar da shi mana, da alwalata fa.

BABA MAIGADI: Ai bai zo ba Ustaz, gashi can tsallaken kwata. Ko'ina a unguwar nan yana bina amma banda nan, ko da igiya ka ja shi ba zai tako ba.

Karen kuwa yana can ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, jiki sai ɓari yake.

MAI SHAYI: To kun gani! Dabbar da ake wa adalci zata dinga karkarwa haka? Duka ne safe da yamma.

BAZAZZAGI: Baba juyo nan, ana ɗauka. Da farko ya sunan karen?

BABA MAIGADI: Ba-ruwanka.

BAZAZZAGI: Kun ji ko? Kun dai ji da kunnenku, tambaya kawai na yi cikin ladabi ya zage ni, kuma ya shiga waya.

BABA MAIGADI: Sunansa kenan ɗan nan. Uwargida ce ta raɗa masa saboda wata maƙociyarmu da bata da aiki sai leƙe ta katanga, duk sanda ta leƙo sai a ƙwala wa kare kira.

BAZAZZAGI: To naji. Kunnen fa? Wannan da gani almakashi ne, ni na yi karatu, na san yankan almakashi.

Ana haka Bafulatani ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya ce a zuba masa shayi da suga cokali shida, ya ɗan leƙa wajen karen sau ɗaya kacal.

BAFULATANI: Aradu ba almakashi bane, ƙuda ne. Da damina suke tarar wa bakin kunne suyi ta ci, jini na fita suna ƙara zuwa, kare na kaɗa kai yana sosawa har wajen ya gutsure. Namu na ruga rabi duk haka suke. Yankan mafarauta daban yake, su kunne biyu suke yankewa daidai da daidai, wa ka taɓa gani ya yanke ɗaya ya bar ɗaya?

BAZAZZAGI: To ƙafan fa? Shi ma ƙuda ne ya karya?

BAFULATANI: Dubi zoben da ya zagaye ta mana. Tarkon waya ne, irin wanda yara ke ɗana wa gafiya. Sanda in ta daki ƙafa bata zagayewa, tambayi ni da na ci sanda na kuma bayar.

BABA MAIGADI: Allah ya yi maka albarka ɗan Fulani. Kwana biyu na neme shi, a bayan kangon can na same shi waya ta shige har tsoka, da filaya na kwance, ya cije ni ma a hannu don zafi, ga tabon nan. To ni wa zai ɗauke ni a waya?

BAKANO: Tsaya tsaya tsaya, ya cije ka? Innalillahi, jama'a mu tashi, daman ni na ga idonsa, wallahi mahaukacin kare ne, shi yasa yake rawar jiki. Baba kai ma matsa can, kar ka fara haushi a kanmu.

BABA MAIGADI: Alhaji zauna, shekara ɗaya da rabi kenan da cizon. Likitan dabbobi da bakinsa ya ce min kare in hauka ta bayyana a jikinsa da wuya ya wuce kwana 10, yawu zai dinga dalala, ya ciji itace ya ciji ƙarfe ya daina gane mai shi, sannan ya mutu. Wannan shekara biyu yana rawar jikinsa kuma tuwo baya masa kaɗan. Ni kuma ranar da sabulu na wanke wajen a bakin famfo minti 15 kamar yadda suke cewa, na wuce asibiti.

Ya sa hannu cikin hula ya zaro wani kati da ya sha ninki a cikin leda.

BABA MAIGADI: Ungo mai karatu, karanta musu. Duk shekara sai na kai shi asibitin dabbobi na Gwale an masa allurar rigakafi, bara ma ranar 28 ga Satumba na kai shi, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Allurar ma a ƙasar nan ake yinta, a garin Vom na Filato.

BAZAZZAGI: (ya juya katin sama da ƙasa) Hmm. Da sitamfi kam. Har da sa hannu.

BAFULATANI: Kai naka katin rigakafin ina yake?

BAZAZZAGI: Yana wajen babana a Tudun Wada.

BAKANO: Kaji, kare ya fi Bazazzagi takardu.

USTAZ: Ni duk ba wannan ne damuwata ba akhi. Hadisi ne ingantacce, wanda ya ajiye kare ba na farauta ba, ba na kiwo ba, ba na gona ba, kullum ana rage masa lada. Baba kana ta sallar dare a bakin get ana ta kwashewa ta baya.

BABA MAIGADI: Haka ne Ustaz, ban musa ba. Amma malaminmu na zaure ya karantar da mu cewa Ibn Abi Zaid mai littafin Risala da kansa, da katangar gidansa ta faɗi kare ya ajiye, aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya ga wannan zamanin da zaki zai ajiye. To wancan zamanin kenan fa, ba a fara yanke wayar taransifoma ba. Kuma a Malikiyya ai duk mai rai tsarkakakke ne, ƙwarya ce in ya sa baki a wanke sau bakwai, sauke jallabiyarka.

USTAZ: Akwai saɓani a mas'alar.

BABA MAIGADI: Akwai. Daren da aka zo da almakashin ƙarfe za a ɓalle shagonka na turare ma akwai saɓani, ni barci ya ɗan ɗauke ni, wannan matsoracin ne ya tashi layi gaba ɗaya da haushi, daga ƙarƙashin benci yake yi amma dai ya yi.

USTAZ: (ya saki jallabiya a hankali) To... wannan ya shiga babin lalura. Kuma ai akwai mutumin da ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari. Daman shi nake shirin kawowa kuka katse ni.

BAZAZZAGI: Ni ma daman abin da nake so in nuna wa duniya kenan, yadda talaka ke tausayin dabba. Bari in canza rubutun saman.

BAKANO: Me ka rubuta da farko?

BAZAZZAGI: "Azzalumin tsoho, a yaɗa har hukuma ya gani."

BAKANO: Ka tura?

BAZAZZAGI: Mutum arba'in ne kawai suka yaɗa.

BABA MAIGADI: Bar shi Alhaji, na saba. Mai adaidaita ya taɓa sauke ni a tsakiyar titi ya ce baya ɗaukar mugaye, wata Hajiya ta tsayar da mota ta sauke gilashi ta min wa'azi ta ja gilashinta ta tafi, ko naira biyar na magani bata bayar ba. Yara kuma in sun ga yana tsoro shi ne daɗinsu, da Sallah har nokawut suke jefa masa, sai ya kwana uku a ƙarƙashin gado, in na kore su iyayensu su ce na fifita kare a kan ɗan mutum. Wanda ya ji masa ciwon yana can yana barcinsa, ni da na ɗauke shi a buhu na kai asibiti ni ke yawo da shi a gari, to wa za a gani?

MAI SHAYI: Duk naji, ƙuda, tarko, nokawut. Bayan fa? Wannan ƙaton tabon shi ma gafiya ce? Ku daina bari tsoho na muku daɗin baki, kowa ya sha shayinsa ya tashi, ina da kwastomomi.

BAFULATANI: Ni ma shi nake kallo tun ɗazu. Wannan ba ƙazuwa bace, ƙazuwa bata tsayawa waje ɗaya. Ba wuta bace. Ruwan zafi ne, daga sama aka sheƙa, dubi yadda ya gangaro ta haƙarƙari. Kuma wani abu, karen nan baya kallon Baba, baya kallon sandata, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, shi tun da na zo abu ɗaya ya ƙura wa ido. Mai Shayi ɗaga butar nan mu gani.

MAI SHAYI: Wace buta? Ruwan bai tafasa ba.

BAKANO: Gashi tana ta tururi, ɗaga mana.

Bakano ya miƙa hannu ya ɗaga butar da kansa. Kare ya ƙwala ƙara ya zuba a guje sai bayan tayar wata tifa.

BABA MAIGADI: Shekara biyu kenan, da azumi bayan sahur, a kwatar bayan nan na tsince shi ɗan kwikwiyo, fata ta saluɓe, har da ganyen shayi manne a jiki.

MAI SHAYI: Ganyen shayi ai kowane gida akwai! Masu shayi nawa ne a Kurna? Kuma ma kiret guda na ƙwai ya ture min, ƙwai talatin, ana tsakiyar tsada, wa ya biya ni?

Tsit. Ustaz ya ajiye kofi.

BABA MAIGADI: Ni dai ban ce kai ne ba.

USTAZ: Akhi, mace ta shiga wuta saboda kyanwa fa.

MAI SHAYI: Ustaz ai akwai saɓani...

USTAZ: Babu.

BAZAZZAGI: (ya juyo da waya) Mai Shayi kallo nan, ɗan maimaita daga wajen ƙwai talatin ɗin, hasken bai fito da kyau ba.

MAI SHAYI: Don girman Allah kashe wayar nan, ina da iyali. Baba daga yau rabin biredin Ba-ruwanka kyauta ne, har da ƙwai ɗaya, a'a biyu.

BAFULATANI: Soyayye. Kuma kai zaka tsallaka ka kai masa, ba da buta ba.

BAKANO: Ni kuma na riga na manta duk abin da naji, amma mantuwa da tsada take. Ɗauko littafin bashin nan, nawa kake bina?

MAI SHAYI: Dubu huɗu da ɗari biyu.

BAKANO: Goge. Sannan ƙaro min madara.