Cika launi a takardar fotokwafi ba darasin zane ba ne

A makon da aka koma makaranta, 'yata da ke aji uku na firamare ta dawo gida da wata takarda da aka buga hoton malam-buɗe-littafi a kanta, an rarraba fukafukansa gida-gida, kowane gida da ɗan lissafin tarawa a ciki. Inda amsa ta fito shida a shafa ja, inda ta fito tara a shafa shuɗi. Na tambaye ta ko wannan ne aikin zanensu na makon, ta ce ai yanzu babu darasin zane a jadawalinsu, malama ta ce an haɗe shi da lissafi. Yara sama da talatin sun koma gida da hoto iri ɗaya da launi iri ɗaya, kuma babu ko ɗayansu da ya kalli malam-buɗe-littafi na gaske, balle ya gwada zana shi.

Wannan shi ne yayin da ake yi a makarantu da dama: a soke lokacin zane da ayyukan hannu, a miƙa shi ga shirin jarrabawa, in iyaye sun yi magana a ce musu ba a soke komai ba, an dai "haɗa darussa" ne. Fakewa ake yi da guzuma ana harbin karsana. Amurka ta taɓa bin wannan hanya bayan dokar ilimin da ta fara aiki a 2002, wadda ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara tun daga aji uku. A 2007 wata cibiyar nazarin manufofin ilimi da ke Washington ta gano cewa kashi 44 cikin ɗari na hukumomin ilimi na gundumomi sun rage lokacin wasu darussa a firamare, ciki har da zane da kiɗa, don su faɗaɗa darussan da ake jarrabawa a kansu. A 2015 aka sauya dokar, amma ɗabi'ar auna ilimin yaro da abin da za a iya ba wa maki kawai tana nan daram a wurare da yawa.

Ni ina cikin masu goyon bayan haɗa zane da sauran darussa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo, domin ana ɓata sunan hanya mai kyau da aikin ganin dama. Haɗin gaskiya yana farawa ne daga hannun yaro. A ba shi takarda ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya ninka na uku, sannan ya buɗe ya ƙirga gidajen da suka fito. Zai ga takwas, kuma zai ga da idonsa cewa huɗu daga cikinsu su ne rabin da ya fara da shi, abin da malami zai kwashe mako guda yana bayaninsa a allo yara suna gyaɗa kai ba su fahimta ba. A ba ajin kwali da almakashi su yanka siffofi masu gefe daidai, a ce su shimfiɗa su a kan tebur ba tare da barin giɓi ba. Masu alwatika za su gama, masu murabba'i za su gama, masu kusurwa shida ma za su gama. Rukunin da aka ba siffa mai kusurwa biyar kuwa za su yi ta juyawa suna gardama da juna, giɓin ya ƙi rufuwa. A nan ne darasin yake: kowace kusurwarta digiri 108 ce, uku sun ba da 324, saura 36 kafin a cika digiri 360 na cikakken zagaye, ita kuwa mai kusurwa shida digiri 120 ce, uku sun cika cif. Yaron da ya sha wannan wahala da hannunsa, ranar da ya ga saƙar zuma zai gane siffar nan take.

Haka abin yake a kimiyya. A sa ƙwayar wake a kofi mai garai-garai tare da jiƙaƙƙiyar auduga, a ce kowane yaro ya zana ta kullum da safe har kwana goma, ya auna tsawon abin da ya tsiro ya rubuta a gefe. Yawancin yara, in ka ce su zana tsiro daga ka, da ganye za su fara. Wanda aka sa ya zana abin da ke gabansa zai lura cewa saiwa ce ke fara fitowa, kuma ƙasa take nufa ko ta wane gefe aka kwantar da ƙwayar. Ya yi zane, ya yi awo, ya yi rubutu, ya kuma koyi haƙurin kallo, wanda shi ne tushen kowace kimiyya. Lokacin da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya dubi wata da madubin hangen nesa a 1609, sanin da yake da shi na haske da inuwa a zane ya taimaka masa ya gane cewa duhu-duhun da yake gani inuwar duwatsu da ramuka ce. Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifaniya da ya sami kyautar Nobel a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma har yau zane-zanensa suna cikin littattafan likitanci. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna a 2016 cewa mutane sun fi tuna kalmar da suka zana hoton abin da take nufi fiye da wadda suka rubuta sau da yawa.

Ba sabon abu ba ne ma. Friedrich Froebel, wanda ya assasa makarantar ƙananan yara a Jamus wajajen 1840, da gutattsarin katako da ninkin takarda yake koyar da siffa da ƙidaya, Maria Montessori kuma, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Roma a 1907, haruffa masu kaushi take ba yara su bi da yatsa kafin su riƙe alƙalami.

Masu cewa babu kuɗi ba su da hujja, tunda tsohon kwali da yumɓu da gawayi sun isa a yi rabin abin da na lissafa, kuma fotokwafin da suke bugawa kullum ba kyauta ake yin sa ba. Masu cewa bincike bai tabbatar zane yana ƙara maki ba sukan kafa hujja da rahoton 2013 na OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, amma sun manta cewa marubutan rahoton sun kammala ne da cewa fasaha ta cancanci gurbinta a makaranta saboda ƙimar kanta. Kuma da aka yi gwaji a makarantu 42 na birnin Houston na Amurka, kan ɗalibai sama da 10,000, sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna cewa waɗanda aka ƙara wa ayyukan fasaha sun fi iya rubutu, an kuma sami raguwar laifuffukan ladabtarwa a cikinsu, ba tare da makinsu na lissafi ya faɗi ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ambaci haƙƙin yaro na shiga harkar fasaha. Shugaban makarantar da ya soke wannan darasi don ya ƙawata sakamakon jarrabawa a idon iyaye, haƙƙin yara ya tauye, kuma ya kamata a faɗa masa haka a fili.

A mayar da lokacin zane cikin jadawali, a bar malamin zane da malamin aji su zauna su tsara aiki tare ko da sau ɗaya a zango, kwalejojin horar da malamai kuma su daina yaye malamin firamaren da bai taɓa jagorantar aikin hannu ba.

A daren da 'yata ta kawo takardar nan, na ba ta farar takarda da fenti, na ce ta ninka biyu, ta zana fiffike ɗaya a gefe guda, sannan ta danne ta ga abin da zai fito a ɗaya gefen. Ta daɗe tana riƙe da burushin ba ta taɓa takardar ba, can ta ɗago ta ce, "Baba, ina layin da zan bi?"