Cokali Nawa Ne Ya Ishi Yaron Da Yake Shan Nono?

A gidan hayar da muke zaune a Agege ta Legas ɗakuna goma sha biyu ne suke kallon juna, saboda haka babu abin da mace za ta yi da ɗanta wanda maƙwabta ba za su ji ba. Makonni uku da suka wuce na fito ɗibar ruwa bayan sallar asuba, sai na tarar da amaryar ɗakin ƙarshe a kan kujera 'yar tsugunno, ta kwantar da yaronta mai wata bakwai a cinya kansa ya yi ƙasa, ta tara tafin hannu a bakinsa tana tsiyaya koko, da ɗan yatsa kuma tana toshe masa hanci. Yaron yana shure-shure, idanunsa sun yi jajur, kokon yana dawowa ta hanci. Na ce mata, "Amarya, don Allah ɗaga shi ya numfasa." Ta ce, "Yaya, in ban yi masa ɗura ba ba ya ci, kuma Inna ta ce nonona ba ya isar sa."

Ban ga laifinta ba, domin ni ma na yi wa ɗan farina ɗura, kuma a lokacin gani nake yi ita ce iyakar kulawa. Ba mu Hausawa kaɗai muke yi ba, maƙwabtanmu Yarabawa ma suna yi da nasu kamun. Amma yanzu da na goyi uku, ra'ayina shi ne mun daɗe muna auna abincin yaro da ma'aunin da bai dace ba. Muna kallon kwano ko ya ƙare, muna taɓa ciki ko ya yi tsini, alhali abin da ya kamata mu duba shi ne kaurin abin da ke cikin cokalin da kuma abin da yaron yake gaya mana da bakinsa da hannayensa.

Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke koyarwa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da muke ɗurawa. Wata shida na farko nono ne zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Idan yaro ya cika wata 6, ana farawa da babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, ana ƙarawa a hankali har ya kai rabin kofi kafin ya wuce wata 8. Kofin da ake nufi mai cin mililita 250 ne, kuma ga mu mazauna Legas ma'auninsa mai sauƙi ne, domin ledar fiya wata mililita 500 ce: rabinta shi ne kofi, kashi ɗaya cikin huɗu nata shi ne rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11 rabin kofin nan ne dai, sai dai a ba shi sau uku zuwa huɗu. Daga shekara ɗaya zuwa biyu sai a kai kashi uku cikin huɗu na kofi ko kofi guda, sau uku zuwa huɗu, tare da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani idan yana so. Da na auna wa amarya cokali uku a murfin kwano, dariya ta yi ta ce wannan ai ko mage ba za ta ƙoshi ba.

Abin da yake sa adadin ya yi mana kaɗan a ido shi ne mun manta nonon yana nan yana aikinsa. Tsakanin wata 6 da shekara ɗaya, nonon uwa yana iya ɗaukar rabin abin da jikin yaro yake buƙata ko fiye, a shekara ta biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Abinci a wannan lokaci cikon giɓi ne, giɓin kuma, idan aka auna shi da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, a farko bai wuce 200 a rana ba, sannan ya kai 300 daga wata 9, ya kai kamar 550 bayan shekara. Shi ya sa nake ganin kuskure ne uwa ta hana yaro nono don wai ya ji yunwa ya sha koko, musamman kafin ya cika shekara. Shayarwar shekara biyun da likitoci suke faɗa ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika ta.

Inda nake so in daɗe shi ne a kan kokon kansa, domin a nan ne muke cutar yaranmu da kyakkyawar niyya. Cikin yaro mai nauyin kilo 8 ba ya ɗaukar fiye da kamar kofi ɗaya a zama guda. Idan aka cika wannan ɗan wuri da koko tsararo, wanda aka tace gasararsa aka zubar da dusa, aka ƙara ruwa har yana iya wucewa ta bakin fida, to ruwa aka ba shi da ɗan ƙamshin gero. Cikinsa zai yi tsini, zai yi fitsari sau biyu, yunwa ta dawo, kuma a tsakani ya ƙi kama nonon da ya fi kokon amfani nesa ba kusa ba. Haka yaro zai yi ta "ci" sau biyar a rana amma a wurin awo ma'aikaciyar jinya tana gaya wa uwarsa nauyinsa ya tsaya. Gwajin da ake koyarwa shi ne a ɗebo kunun a karkata cokalin: idan ya zube kamar ruwa bai yi ba, idan ya tsaya a cokali yana sauka a hankali ya yi. Cokali uku na irin wannan ya fi cokali da yawa na tsararo.

Kaurin ma ba na gari kaɗai ake nema ba. Ƙarfen jini, wato sinadarin ayan mai gina jini, da jariri yake zuwa da shi daga ciki yana fara ƙarewa ne wajen wata shida, nono kuma ba shi da shi da yawa, gero da dawa da masara su kaɗai ba za su cike ba. Duk abin da ake buƙata yana nan a kasuwanninmu, daga Agege har Mile 12 inda 'yan'uwanmu suke sauke kayan gwari kullum: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, waken suya da aka soya aka niƙa, garin busasshen kifi da aka tankaɗe ƙayarsa, ɗan ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, kabewa, dankalin Hausa, garin zogale, ayaba da gwanda da aka murƙushe. Alale mai laushi wanda ba a cika masa yaji ba abinci ne mai kyau ga ɗan wata takwas. 'Yar hanta kaɗan da aka dafa aka daka ta fi abincin jarirai na gwangwani da ake saye da tsada a kanti, kuma ba na faɗin haka don raina na gwangwani, illa dai na ga mata suna saye suna tsinka shi da ruwa don ya kai ƙarshen wata, sai ya koma kokon da muke gudu.

Maganar ƙwai kuwa, da surukata ta zo daga Katsina ta gan ni ina murƙushe dafaffen ƙwai a cikin kunun autata, sai ta ce, "Ke kuwa so kike yi ta tashi da ɗauke-ɗauke?" Na ce, "Inna, ai kaza ba ta koyar da sata, tarbiyya ce take hanawa." Ta yi murmushi ta ce 'ya'yan zamani ba ku da dama. Ba ta hana ni ba, kuma kafin ta koma ita da kanta take ɓare ƙwan. Abin da ban yarda a ba yaro ba kafin ya cika shekara shi ne zuma, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da take sa jikin jariri ya saki har numfashi ya gagare shi. Shayi da burodin Agege ma, duk da shi ne karin kumallon rabin unguwarmu, ba abincin jariri ba ne, domin ganyen shayi yana hana jiki karɓar ƙarfen jinin da ke cikin abinci. Gyaɗa guda-guda kuma shaƙe yaro take yi, sai an niƙa.

To idan ya ƙi ci fa? Wannan ita ce tambayar amarya, kuma ita ce take kai mata ga ɗura. Yaron da ya saba da nono wata shida bai san yadda ake juya abu mai kauri a baki ba, saboda haka idan ya turo shi da harshe ba ƙi ya yi ba, koyo yake yi, kuma akwai abincin da sai an gwada masa sau da yawa a ranaku daban-daban kafin ya karɓa. A zaunar da shi a cinya yana kallon fuskar uwarsa, a kawo cokali kusa da bakinsa a jira. Idan ya buɗe baki ya miƙo hannu, yana so. Idan ya kawar da kai ya datse leɓe ya ture cokali, ya ƙoshi, ko da cokali biyu ya ci, sai a bari zuwa anjima. Ɗura kuwa tana kashe wannan magana da ke tsakanin uwa da ɗa, kuma haɗarinta ya wuce nan: yaron da aka toshe wa hanci yana kuka zai ja numfashi ta baki, kokon ya bi hanyar iska ya shiga huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, wani lokaci ma a rasa yaron a kan cinyar uwarsa. Ɗan farina sai da ya kai shekara uku yana gudu idan ya ga kofin roba shuɗi, saboda da shi nake ɗura masa.

Na san a Legas haƙuri da cokali yana da tsada. Gwamnatin jiha ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida tun 2014, amma yawancin matanmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, masu tuyar awara da masa ne da masu kitso, kuma mai gaggawar kai kaya bakin titi ba ta da rabin sa'ar lallashi. Ga zafi, ga rashin wuta, kunun da aka dama da safe ya kwana a fida har azahar gudawa yake jawowa. Duk da haka dama kaɗan mai kauri a ba shi nan take da kofi da cokali mai tsabta ya fi saurin ƙarewa a kan kokawar ɗura da wankin da yake biyo bayanta. Mazan ma da suke dawowa daga kasuwa suna tambayar ko yaro ya cinye kwanonsa, da za su zauna su riƙe cokalin na minti goma da sun daina tambayar.

Wanda zai raba gardama shi ne katin awo. Yawancin yara suna ninka nauyin haihuwarsu wajen wata biyar zuwa shida, su ninka shi sau uku wajen shekara, kuma matuƙar layin da ke katin yana hawa, yaron yana wasa yana fitsari yadda ya saba, to abin da yake ci ya ishe shi komai ƙanƙantarsa a idon kaka. Idan layin ya kwanta wata biyu a jere ko ya yi ƙasa, asibiti za a koma, ba ƙara yawan koko za a yi ba.

Ranar Talatar da ta wuce na raka amarya awo, yaron ya ƙara nauyi. Jiya da safe na gan ta a ƙofar ɗaki ta zaunar da shi, kunun gyaɗa mai kauri a ɗan kofi, rabi a bakinsa rabi a kumatunsa. Ta ɗago ta ce mini cokali huɗu ya ci ya kawar da kai, kuma har yanzu ba ta gaya wa Innarta a waya cewa ta daina ɗurar ba.