Honarabul Ya Manta Tabarau

Jihar Misisipi ta Amurka, 1955. Honarabul, farar fata manomin auduga da ƙuri'a ta kai majalisar jiha, yana shirin tafiya zama a Jakson, babban birnin jihar. Ɗan ƙodagonsa, baƙar fata mai furfura, yana tsaye a ƙasan baranda.

Honarabul: Kai yaro, karanta mini takardar nan. Na manta tabarau.

Ɗan ƙodago: Ranka ya daɗe, ga shi nan a hancinka.

Honarabul: Wannan na duba gona ne. Karanta!

Ɗan ƙodago: Ana so ka yi jawabi kan dokar da aka kafa bara, wadda ta ce ba mai zaɓe sai ya karanta sashe daga tsarin mulkin jiha, ya rubuta, ya fassara.

Honarabul: Doka mai kyau! Jahili ba ya zaɓa mana shugaba.

Uwargida: Maigida, kai fa a aji uku ka tsere ka koma bin alfadari.

Honarabul: Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta ce a haɗa yaranmu da na baƙaƙe a makaranta, na ce gara a rufe makarantun. Ni da na baro, me na rasa?

Ɗan ƙodago: Ai na je jarrabawar, ranka ya daɗe. Harajin zaɓe ma na biya, dala biyu-biyu, shekara biyu a jere.

Honarabul: Ina ka sami dala huɗu, alhali littafi ya nuna ina binka bashi?

Ɗan ƙodago: Ni ke rubuta littafin, kai ke faɗin lamba.

Honarabul: To, ka ci?

Ɗan ƙodago: Na karanta, na rubuta, na fassara. Magatakarda ya ce na faɗi, wai shi bai gane fassarar ba.

Uwargida: Kai me ya tambaye ka, Maigida?

Honarabul: Tambaya mai wuyar gaske. Ya ce ya jikin alfadarina.

Uwargida: Ka kuwa amsa?

Honarabul: Daidai, ba gargada! Yaro, zauna ka rubuta mini jawabin. A'a, ba kan kujera ba. Ka rubuta cewa wanda bai iya karatu ba, kada ya kusanci akwatin zaɓe.

Ɗan ƙodago: Wa zai karanta maka shi a majalisa?

Honarabul: Ka biyo ni, ka laɓe bayan taga kana raɗa mini.

Ɗan ƙodago: To ranka ya daɗe, ta wace taga? Ta farare ko ta baƙaƙe?